Cajal da Abokansa: Yadda Zumunci Ya Gina Binciken Likitanci a Sifaniya

Ni ɗan ajin ƙarshe ne a sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje, kuma duk wanda ya taɓa yin furaktikal tare da mu ya san yadda abin yake. Madubin likita guda ɗaya, mutum goma a kansa. Ka sa ido ke nan, kafin ka gane abin da kake kallo, na bayanka ya fara taɓa maka kafaɗa. A haka dai muke koyo.

A zangon da ya wuce ina duba wani tsohon littafi a laburare saboda furojet ɗina, sai na ci karo da wani zane. Da farko na ɗauka itacen gawo ne da damina, rassa birjik babu ganye ko ɗaya. Ashe ƙwayar jijiya ce daga ƙwaƙwalwar tantabara, wadda wani likita ɗan Sifaniya ya zana da hannunsa a 1899. Sunansa Santiago Ramón y Cajal, ana furta na ƙarshen Kahal. Tun daga ranar na shiga bin tarihinsa, har na kusa mancewa da furojet ɗin.

Masu ba da labarinsa sun fi son nuna shi a matsayin gwarzon da ya yi komai shi kaɗai a ƙasar da ba ta damu da kimiyya ba. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da ke gefensa. Duk inda rayuwarsa ta yi kwana, akwai wanda ya riƙe masa hannu. Akwai kuma waɗanda shi ya riƙe, akwai wanda ya saki. Labarin da nake son ba ku ke nan.

Yaro mai ƙiriniya

An haifi Cajal ranar 1 ga Mayu, 1852, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Petilla de Aragón a arewacin Sifaniya. Mahaifinsa, Justo Ramón, likitan karkara ne da ya taso cikin talauci, mutum mai tsanani wanda ya rantse sai ɗansa ya zama likita. Yaron kuwa ba abin da yake so irin zane. Makaranta ba ta dame shi ba, faɗa da tsokana su ne sana'arsa. Yana ɗan shekara 11 ya haɗa igwa da kansa, ya harba ta, ya farfasa ƙofar wani maƙwabci, har aka kulle shi na 'yan kwanaki. Da uban ya gaji, sai ya kai shi koyon aski, daga baya ya kai shi wajen mai ɗinkin takalma.

Abin da ya sasanta su shi ne ƙashi. Uban ya fara koya masa tsarin jikin mutum da ƙasusuwan da suke samowa a tsohuwar maƙabarta, yaron yana zana su ɗaya bayan ɗaya. A nan ne uban ya gane cewa zanen da yake dukansa a kai yana da amfani. Cajal ya kammala karatun likita a Jami'ar Saragosa a 1873, ya shiga soja a matsayin likita, aka tura shi Kyuba a 1874, lokacin tana ƙarƙashin Sifaniya kuma ana yaƙi. Can zazzaɓin cizon sauro da atini suka kusa kashe shi. Ya dawo gida a 1875 a rame kamar kara.

A 1877 ya je Madrid jarrabawar digirin dakta. Wani farfesa mai suna Aureliano Maestre de San Juan ya nuna masa yadda naman jiki yake a ƙarƙashin madubin likita. Abin ya shiga ransa, har ya kwashe ɗan abin da ya tara daga albashin soja ya sayi madubinsa na kansa. A 1879 ya auri Silveria Fañanás, matar da ta yi shekaru tana matse kuɗin cefane don mijinta ya sayi sinadarai da littattafai. A 1883 ya ci kujerar farfesa a Balensiya. Da kwalara ta ɓarke a 1885 ya yi bincike a kanta, hukumar lardin Saragosa ta ba shi tukuicin madubi ƙirar Zeiss, wanda ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Zuwa wannan lokaci Cajal malami ne mai ƙwazo, yana da madubi mai kyau, yana da hannun zane. Amma a wajen Sifaniya ba wanda ya san da zamansa.

Abin da Simarro ya nuna masa

Don ku gane abin da ya biyo baya, sai na ɗan yi bayanin matsalar. Ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin madubi ba ta da sauƙin gani. Ƙwayoyinta a cunkushe suke, rassansu sun sarƙe da juna, idan ka zuba rini na yau da kullum sai komai ya rinu lokaci ɗaya, ka rasa gane farkon wannan da ƙarshen wancan. Shi ya sa manyan masana na lokacin suka ɗauka cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa duk a haɗe suke kamar ragar kamun kifi, saƙa ɗaya ba yankewa.

A 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wani rini na daban. Ana jiƙa naman a sinadarin fotashiyam dayikuromet, sannan a sa shi a ruwan naitiret na azurfa. Abin mamakin wannan rini shi ne ƙwayoyi kaɗan kawai yake kamawa, amma wadda ya kama sai ta fito baƙa wuluk tun daga jikinta har ƙarshen rassanta, sauran wurin ya zauna rawaya. Matsalarsa ita ce yau ya yi, gobe ya ƙi, don haka mutane da yawa suka gwada suka watsar.

A 1887 Cajal ya je Madrid aikin alƙalancin jarrabawa, sai ya ziyarci Luis Simarro, likitan ƙwaƙwalwa wanda ya yi shekaru a Faris yana koyon sababbin dabaru. Simarro ya buɗe masa ɗakin gwajinsa, ya ɗora masa gilasan da ya rina da hanyar Golgi, ya nuna masa yadda ake yi. Bai ɓoye komai ba, bai nemi komai ba. Ku tsaya ku yi tunani, jama'a. Su biyun kusan sa'o'in juna ne, fanninsu ɗaya, kujerun farfesa a ƙasar ba su da yawa. Da Simarro mai ƙyashi ne, da ya ba shi shayi sun yi hira sun rabu.

Cajal ya koma gida kamar wanda aka sa wa wuta. A ƙarshen shekarar ya koma Jami'ar Basalona, ya duƙufa kan gyara rinin. Ya riƙa maimaita jiƙon sau biyu don ya fi kamawa. Sannan ya yi wata dabara mai sauƙi: maimakon ƙwaƙwalwar babbar dabba, sai ya koma kan ta 'yan tsaki da ke cikin ƙwai da jariran dabbobi, waɗanda jijiyoyinsu ba su riga sun yi kauri sun lulluɓe da kitse ba. Wanda ke son gane tsarin daji, ai gara ya je tun itatuwan suna ƙanana.

A 1888 ya ga abin da ya sauya ilimin ƙwaƙwalwa. Babu wata raga. Kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi, rassanta suna kusantar na maƙwabciyarta ba tare da sun narke cikin juna ba. Daga baya ya nuna cewa saƙo yana bin hanya ɗaya: ya shigo ta ƙananan rassa, ya ratsa jikin ƙwayar, ya fita ta doguwar jijiyarta zuwa ta gaba. Wannan shi ne tushen abin da ake koya mana yau a aji kamar dama can an san shi.

Dattijon da ya koyi Sifaniyanci

Gano abu daban, a yarda da kai daban. Cajal ya kafa mujallarsa da kuɗin aljihunsa a 1888, yana buga kofe kusan sittin yana aika wa masana a ƙasashen waje. Shiru kake ji. Wa zai karanta Sifaniyanci? A wancan zamani kimiyyar jiki ta Jamusawa ce da Faransawa, ba wanda ke sa ran wani abin kirki zai fito daga Sifaniya.

A watan Oktoba na 1889 ya tattara ɗan kuɗinsa, ya ɗauki madubinsa da gilasansa, ya nufi Balin taron ƙungiyar masana tsarin jiki ta Jamus. Ya kafa kayansa a gefe, Faransancinsa ma da ƙyar yake fita, mutane suna wucewa suna kallonsa sama-sama. Da ya ga abin zai wuce shi, sai ya je ya jawo babban dattijon taron zuwa teburinsa. Wannan dattijo shi ne Albert von Kölliker na Jami'ar Wuzbag, mai shekara 72, wanda maganarsa ta fi ta kowa nauyi a fannin.

Kölliker ya leƙa, ya ga abin da bai taɓa gani ba. A nan ne halin mutum ke fitowa. Dattijo mai suna irin nasa zai iya raina baƙon, ko ya kwashi dabarar ya koma gida ya buga da sunansa. Shi kuwa sai ya ɗauki Cajal zuwa masaukinsa, ya shirya masa liyafa, ya gabatar da shi ga manyan farfesoshi. Da ya koma Wuzbag ya maimaita gwaje-gwajen, ya tabbatar da su a rubuce. Kai, har Sifaniyanci ya zauna ya koya da tsufansa don ya karanta ayyukan Cajal daga tushe, kuma ya riƙa alfahari da cewa shi ne ya gano wa duniya wannan mutum.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Gustaf Retzius a Suwidin da Arthur van Gehuchten a Beljiyam suka gwada suka ga gaskiya ne. A 1891 Wilhelm Waldeyer ya yaɗa sunan da ake kiran ƙwayar da shi har yau, wato niyuron. A 1894 aka gayyaci Cajal Landan ya gabatar da babbar lakca, ya sauka a gidan Charles Sherrington, wanda bayan shekara uku ya raɗa wa mahaɗar ƙwayoyin jijiya biyu suna sinafs.

Kujerar da ta raba abokai

A 1892 kujerar farfesa ta buɗe a Jami'ar Madrid. Cikin masu nema akwai Cajal, akwai kuma Simarro. Cajal ne ya ci. Ba su yi faɗa a fili ba, amma daga nan Simarro ya ja jiki, zumuncin ya yi sanyi. Duk da haka ilimin Simarro bai daina amfanar Cajal ba. Sabon rinin azurfa da Cajal ya fitar a 1903, wanda ya ba shi damar ganin zaren da ke cikin ƙwayar jijiya, a kan wata dabara ta Simarro ya gina shi.

Cajal ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya yabi Simarro a ciki, ya faɗi bashin da ke kansa. Amma Simarro ya rasu a 1921. Bayan rasuwarsa Cajal ya rubuta wa wani abokinsu wasiƙa yana baƙin cikin cewa Simarro ya tafi bai karanta yabon ba, bai kuma san irin girman da yake da shi a zuciyarsa ba. Kusan shekara talatin suna gari ɗaya. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na yi shiru.

Nobel da Golgi

A 1906 aka ba Cajal da Golgi lambar Nobel ta fannin likitanci tare. Ba su taɓa haɗuwa ba sai a Sitokhom. Tun a 1889, a hanyarsa ta dawowa daga Balin, Cajal ya biya ta Pavia don ya gaishe shi, bai same shi a gari ba. Da suka haɗu kuma ba a yi daɗi ba. Golgi ya tashi a lakcarsa ta karɓar lambar ya soki ra'ayin cewa ƙwayoyin jijiya a rabe suke, ya tsaya kan ragarsa. Washegari Cajal ya gabatar da hujjojinsa. Mutum biyu, rini ɗaya, lamba ɗaya, amma ba zumunci. Sai a shekarun 1950, da madubi mai aiki da lantarki ya zo, aka ga ɗan siririn tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙuru-ƙuru. Cajal ne ke da gaskiya, amma da rinin Golgi ya gano ta.

Ya buɗe wa na baya hanya

A 1898 Sifaniya ta sha kashi a hannun Amurka, ta rasa Kyuba da Filifin da Fotoriko. Abin ya girgiza masu ilimin ƙasar, Cajal yana cikin masu ganin cewa jahilcin kimiyya ne ya kayar da su. Bayan ya ci wata babbar lambar yabo ta duniya a 1900, gwamnati ta buɗe masa ɗakin bincike na musamman a Madrid. An yi masa tayin kujerar ministan ilimi a 1906, ya ƙi. Abin da ya karɓa shi ne shugabancin wata hukuma da aka kafa a 1907 don faɗaɗa karatu da bincike, wadda ake kira Junta a taƙaice, ana furtawa Hunta. Ya riƙe ta har mutuwarsa.

Aikin hukumar shi ne ta tura matasa karatu Jamus da Faransa da Ingila da sauran ƙasashe, sannan ta tanadar musu wurin aiki idan sun dawo. Kafin yaƙin basasa ta tura mutum kusan dubu biyu. A 1910 ta buɗe wani gidan kwanan ɗalibai a Madrid, Residencia de Estudiantes, wanda daga baya aka sa wa ɗakunan gwaji. Idan kun lura, abin da Simarro ya yi wa Cajal shi ne hukumar ta mayar tsarin ƙasa: ka fita ka koyo, ka dawo ka nuna wa ɗan'uwanka.

A gefen Cajal an samu almajirai irin su Jorge Francisco Tello, da Fernando de Castro, da Rafael Lorente de Nó, ga kuma ƙanensa Pedro da ya daɗe yana taya shi bincike kan ƙwaƙwalwar tsuntsaye da kwaɗi da ƙadangaru. Akwai kuma Nicolás Achúcarro, wanda asali almajirin Simarro ne. Ya yi aiki a Munik a ɗakin gwajin Alois Alzheimer, wanda cutar mantuwa ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki a Washintan, ya dawo gida a 1910. Hukumar ta ba shi ɗakin gwaji a gini ɗaya da na Cajal. Achúcarro mutum ne mai fara'a da kowa ke so, shi ne gadar da ta haɗa almajiran Simarro da na Cajal. Ya rasu a 1918 yana da shekara 37 kacal, kuma bayan tafiyarsa ne gidan ya tsage.

Inda Cajal ya kasa

Wanda ya gaji Achúcarro shi ne Pío del Río Hortega, mutum mai kunya da ƙwarewar hannu. A ƙwaƙwalwa, ban da ƙwayoyin jijiya, akwai wasu ƙwayoyi masu yi musu hidima. A 1913 Cajal ya bayyana wani rukuni daga cikinsu da rininsa ya kasa fito da su sosai, ya ɗauka ba su da rassa. Río Hortega ya ƙirƙiro nasa rinin da kabonet na azurfa, ya nuna cewa suna da rassa, kuma iri biyu ne. Na farko su ne maikurogiliya, da ya bayyana a 1919, masu share datti da kai ɗauki inda aka ji rauni. Na biyu su ne oligodendirosayit, masu naɗe jijiya da kitse kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki. Har yau masu binciken cutar mantuwa da cututtukan lalacewar jijiya a kan waɗannan ƙwayoyi suke aiki.

Almajiri ya gyara wa malam kuskure ke nan. Ga kuma tsegumi da ƙananan rigingimu da suka yi yawa a ginin, ana kai wa dattijon magana. A watan Oktoba na 1920 Cajal ya rubuta wa Río Hortega takarda ya sallame shi daga ginin. Mutumin da ya san zafin a raina aikinka, wanda sai da wani dattijo ya tsaya masa a Balin, shi ne ya kasa yi wa na bayansa irin wannan.

Gaskiya dai bai kashe masa kasuwa gaba ɗaya ba. Hukumar da Cajal ke shugabanta ce ta buɗe wa Río Hortega sabon ɗakin gwaji a gidan ɗaliban nan, kuma wurin ya yi suna har likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Wilder Penfield ya taso daga Amurka a 1924 don ya koyi rini a wajensa. Daga baya sun ɗan shirya, Río Hortega kuma bai daina girmama Cajal ba. Amma tabon bai goge ba, makarantar da ya kamata ta zama ɗaya ta zama biyu.

Sarƙar da yaƙi bai tsinka ba

Cajal ya yi ritaya daga koyarwa a 1922. Silveria ta rasu a 1930, shi kuma ya bi ta ranar 17 ga Oktoba, 1934, yana da shekara 82, yana rubutu har kwanakinsa na ƙarshe. Bayan shekara biyu yaƙin basasa ya ɓarke. Da Janar Franco ya ci yaƙin a 1939, aka rushe hukumar, aka sauke Tello daga shugabancin cibiyar Cajal, masana da yawa suka gudu. Río Hortega ya bi ta Faris da Okusfod, ya ƙare a Ajantina, can ya rasu a 1945.

Sai dai akwai wani zare da ya tsira. A 1916, da goyon bayan Cajal, hukumar ta ba wani matashi da ya yi karatu a Jamus, Juan Negrín, ɗakin gwajin ilimin aikin jiki a gidan ɗaliban. Wannan Negrín shi ne ya zama firaministan Jamhuriyar Sifaniya a 1937, a tsakiyar yaƙin. Cikin yaran da ya jawo ɗakin gwajinsa akwai Severo Ochoa, wanda ya shiga makarantar likita ta Madrid da burin zama almajirin Cajal, ya tarar dattijon ya yi ritaya. Bai taɓa zama a ajinsa ba, amma ya tashi a gidan da Cajal ya gina. Shi da abokinsa José María García Valdecasas suna ɗalibai suka yi binciken da aka buga a wata babbar mujallar Amurka a 1929.

Ochoa ya bar Sifaniya a 1936, ya ƙare a Jami'ar Niyok, ya ci lambar Nobel a 1959 tare da Arthur Kornberg. Daga can ya riƙa karɓar matasan ƙasarsa. Margarita Salas da mijinta Eladio Viñuela sun yi aiki a ɗakin gwajinsa daga 1964 zuwa 1967, suka koma gida suka dasa binciken ƙwayoyin gado na zamani. A 1975 aka buɗe cibiyar wannan fanni a Madrid, wadda ke ɗauke da sunan Ochoa a yau. Cibiyar Cajal ma tana nan tana aiki, kuma a 2017 UNESCO ta sa zane-zanensa da takardunsa da na almajiransa cikin kundin abubuwan tarihin duniya.

Ku bi sarƙar a hankali: Simarro ya nuna wa Cajal, Kölliker ya tsaya wa Cajal, Cajal ya buɗe wa Negrín ƙofa, Negrín ya jawo Ochoa, Ochoa ya karɓi Salas. Shekara tamanin ke nan daga 1887 zuwa 1967, an yi yaƙi, an yi gudun hijira, gwamnatoci sun faɗi, amma kowane ɗaya ya miƙa wa na gaba abin da ke hannunsa.

Nawa bashin

Zan faɗa muku dalilin da ya sa labarin nan ya dame ni. Da muka dawo daga aikin sanin makamar aiki, ni ban iya shimfiɗa jini a gilashi yadda ya kamata ba. Kullum nawa sai ya yi kauri, rinin ya cushe, ban ga komai. Wani abokina da ya yi nasa a lab ɗin asibiti shi ya zaunar da ni da yamma, bayan kowa ya watse, ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake karkata gilashin da tsawon lokacin da rini ke buƙata. A ranar na fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da idona. Furojet ɗina kacokan a kan wannan ya tsaya.

Bayan haka muka nemi kujera ɗaya a zaɓen ƙungiyar sashenmu. Na ci. Ba mu yi faɗa ba, amma yau wata biyar ke nan gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu daga nesa. Na rubuta sunansa a shafin godiya na furojet ɗina, ina ganin na biya. Wa ke karanta shafin godiyar furojet, don Allah? Cajal ma a littafi ya rubuta tasa.

Mun san halinmu a makarantar nan. Wani ya samu tsofaffin tambayoyin jarrabawa ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. Wani ya gane lissafin da ya gagari aji ya yi gum, don kada a kamo shi a maki. Muna yawan kukan rashin kayan aiki, kuma kukan gaskiya ne. Amma Cajal ya riga ya mallaki Zeiss ɗinsa shekara biyu kafin ya shiga ɗakin Simarro, madubin bai nuna masa komai ba sai da aboki ya nuna masa rini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura 'yan makonni mu rubuta jarrabawar ƙarshe kowa ya kama gabansa, wasunmu ba za su sake haɗuwa ba. Ga ƙannenmu na ajin farko, idan kun iya wani abu ku nuna wa na kusa da ku, idan kuma na ƙasa da ku ya gyara muku kuskure kada ku kore shi. Ni dai kafin mujallar nan ta fito daga wajen masu bugawa, in Allah ya yarda zan je hostal ɗin abokin nan in ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ba na son ya fara jin godiyata a takarda.